Babi na 25: ƙofar da Turai ke fara buɗe wa masu neman shiga

A watan Yuni na 2006 wakilan Turkiyya da na Tarayyar Turai suka zauna a Luxembourg suka buɗe babi na farko a tattaunawar shigar Turkiyya cikin Tarayyar. Ba su tashi daga wannan zama ba sai da suka rufe shi. Babin kuwa shi ne na 25 a cikin babi 35 da duk ƙasar da ke neman shiga za ta bi, wanda ya shafi kimiyya da bincike. An buɗe wa Turkiyya babi 16 gaba ɗaya a tsawon shekarun da suka biyo baya, amma ba a sake rufe ko ɗaya ba. Kimiyya ce kaɗai ta haye. Kuroshiya ma a rana ɗaya da Turkiyya ta buɗe wannan babi ta rufe, ta kuma zama mamba a watan Yuli na 2013. Montenegro da shi ta fara a watan Disamba na 2012. Sabiya ta yi nata a Disamba na 2016.

Duk lokacin da aka rufe wannan babi, ministoci sukan fito gaban 'yan jarida da fara'a, a ce ƙasa ta ɗauki hanya. Ni kuwa sauƙin nan shi ke damuna. Damar da ke cikin haɗin gwiwar bincike da Turai dama ce ta gaske, kuma ina ganin ita ce mafi daraja a cikin abin da ake bai wa ƙasar da ba ta riga ta shiga ba. Sai dai saurin da ake rufe babin ya sa gwamnatoci da yawa suna ɗaukar cewa an gama aikin kimiyya, alhali ko farawa ba a yi ba.

Dalilin sauƙin ba ɓoyayye ba ne. Babin noma, ko na muhalli, ko na shari'a, kowannensu yana ɗauke da tarin dokokin Turai da dole ƙasa ta shigar cikin nata, ta kafa hukumomi, ta horar da ma'aikata, ta kuma nuna cewa ana aiki da su. A fannin bincike dokokin ba su da yawa. Turai tana tafiyar da kimiyyarta ne da kuɗi da gasa. Tun 1984 take da babban shirin tallafa wa bincike da ake sabuntawa bayan 'yan shekaru. Na 2014 zuwa 2020, wanda ake kira Horizon 2020, ya kai kusan Yuro biliyan 80. Na yanzu, Horizon Europe, an ware masa kimanin Yuro biliyan 95.5 daga 2021 zuwa 2027. Abin da ake nema daga mai neman shiga shi ne ya nuna yana da niyyar shiga wannan gasa, ya biya kuɗin shiga, ya yi alkawarin ƙara abin da yake kashewa a gida. Biyun farko ana iya yin su da sa hannu a takarda. Na ukun kuwa alkawari ne, kuma babu mai hukunta wanda ya saɓa.

Bari mu fara da abin da ke hannu, domin ba ƙarami ba ne. Ƙasashe tara ke da matsayin masu neman shiga a hukumance: Albaniya, Bosniya, Jojiya, Makedoniya ta Arewa, Moldova, Montenegro, Sabiya, Turkiyya da Yukren. Kosovo ta miƙa takardarta a Disamba na 2022 tana jira. Dukansu sun ƙulla yarjejeniyar shiga Horizon Europe tsakanin ƙarshen 2021 da farkon 2022. Ma'anar wannan yarjejeniya ita ce mai bincike a jami'ar Tirana ko ta Chisinau yana da 'yancin neman tallafi daidai da takwaransa na Munich ko Leiden. Yana iya shiga ayarin jami'o'i da kamfanoni na ƙasashe da dama, yana kuma iya zama shi ne jagoran ayarin. Yana iya neman tallafin Majalisar Bincike ta Turai, wadda aka kafa a 2007, inda matashin masani kan samu har Yuro miliyan 1.5 na shekara biyar don ya kafa ƙungiyarsa ya bi tambayar da ke ransa. Akwai guraben Marie Curie na masu digiri na uku da waɗanda suka kammala. Akwai kuma COST, tsohon tsarin da ke biyan kuɗin taruka da ziyarar juna tun 1971, wanda Turkiyya da tsohuwar Yugoslaviya na cikin waɗanda suka kafa shi.

Manomin Makedoniya ta Arewa ba ya samun tallafin da manomin Faransa ke samu, kuma ƙasarsa na jira tun 2005. Ministan Moldova ba shi da ƙuri'a a majalisar ministocin Turai. Masanin kimiyya kuwa ya riga ya shiga ɗakin, an ba shi kujera. Fannonin da ake yi wa mai neman shiga irin wannan karɓa ba su da yawa.

Wanda ke shakkar amfanin abin ya duba cibiyar BioSense da ke Novi Sad a arewacin Sabiya. Cibiya ce da ke haɗa fasahar kwamfuta da na'urorin auna ƙasa da hotunan tauraron ɗan Adam don amfanin noma. Ta ci gasar Turai ta kafa manyan cibiyoyi a ƙasashen da aka bari a baya, ta haɗa kai da masanan Wageningen na ƙasar Holan, waɗanda suka yi suna a duniya kan binciken noma. Turai ta sa Yuro miliyan 14, gwamnatin Sabiya ta sa miliyan 14. A wannan cibiya ce Sofija Stefanović ta gudanar da aikin da ya kawo wa Sabiya tallafinta na farko daga Majalisar Bincike ta Turai, inda ta binciki haihuwa da shayarwa a tsakanin mutanen da suka fara noma a yankin Balkan dubban shekaru da suka wuce, ta hanyar nazarin ƙasusuwa da haƙora. Bayanta Magdalena Djordjevic ta Cibiyar Fiziks da ke Belgrade ta samu nata. A 2019 Sabiya ta zama cikakkiyar mamba a CERN, babbar cibiyar binciken ƙwayoyin zarra da ke Geneva, wadda Yugoslaviya, ƙasar da Sabiya ke cikinta a da, ta taimaka aka kafa a 1954 sannan ta fice a 1961.

A lura da rabon kuɗin BioSense, domin nan ne gizo ke saƙa: rabi daga Brussels, hedikwatar Tarayyar, rabi daga Belgrade, babban birnin Sabiya. Da gwamnati ba ta sa nata ba, da babu ginin, babu na'urorin.

A ganina babbar ribar ma ba kuɗin ba ce. Ribar ita ce alƙalin da bai san kowa ba. A ƙananan ƙasashe masana sun san juna kaf. Wanda zai duba takardar neman tallafinka malaminka ne, ko abokin hamayyar malaminka, ko surukin shugaban jami'a. A irin wannan yanayi kuɗin bincike kan bi girma da shekaru da kusanci da masu mulki, a raba shi kaɗan-kaɗan don kada kowa ya yi fushi. Takardar da aka aika Brussels kuwa hannun masana uku ko fiye take faɗawa, daga ƙasashen da ba naka ba, su ba ta maki, su rubuta dalilinsu. Matashiyar da ba ta da uwa a gindin murhu tana iya dawowa da tallafin da ya fi kasafin sashenta gaba ɗaya, kuma daga ranar dole a saurare ta. Wannan ɗabi'a tana yaɗuwa. Yukren ta kafa asusun bincike na ƙasa a 2018, Sabiya ta kafa nata a 2019, duka biyun a kan tsarin gasa da tantancewar masana, har ana gayyato masu tantancewa daga waje. Ƙasar da ke koyon raba kuɗin jama'a bisa cancanta a fanni ɗaya tana koyon abin da babin shari'a da yaƙi da cin hanci ke nema daga gare ta.

Akwai kuma abin da ya shafi yankin Balkan shi kaɗai. Mutanen da iyayensu suka yi yaƙi da juna a shekarun 1990 suna haɗuwa a ayari guda domin gurɓatar iska a Sarajevo da Skopje iri ɗaya ce, kogin Drina kuma bai san iyaka ba. A 2017 ƙasashen yankin suka sa hannu a CERN kan niyyar kafa cibiya ta haɗin gwiwa don maganin cutar kansa da bincike ta hanyar harba ƙwayoyin zarra, shawarar da tsohon shugaban CERN Herwig Schopper ya kawo, ministar kimiyya ta Montenegro a lokacin, Sanja Damjanović, ta riƙe ta da hannu biyu. Abin koyinsu shi ne cibiyar bincike ta SESAME da ke Jodan, inda Iran da Isra'ila da Falasɗinu da Turkiyya da Saifurus ke zama a teburi guda. Irin wannan aiki yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin a aza tubali, amma zaman da ake yi a kansa ma riba ne.

To, ina matsalar? Gasa ce, kuma ba a shiga gasa da ƙafa ɗaya. A Horizon 2020, a cikin kowace takarda 100 da aka aika, kimanin 12 ne ke samun kuɗi. Ƙasashe 13 da suka shiga Tarayyar daga 2004 zuwa 2013, waɗanda suka riga suka zama mambobi da cikakken 'yanci, kusan kashi 5 cikin 100 na kuɗin shirin kawai suka samu su duka. Idan haka abin yake ga Folan da Romaniya, mai karatu ya auna yadda zai kasance ga Bosniya. Ba wai ana nuna musu wariya ba ne. Jami'ar da ta daɗe tana cin gasa tana da ofishi guda na ma'aikatan da ba su da wani aiki sai rubuta takardun neman tallafi da lissafin kuɗi da duba yarjejeniyoyi. Tana da na'urori, tana da tsoffin abokan hulɗa da ke kiranta tun kafin a sanar da gasar. A ɗaya ɓangaren malami ne shi kaɗai, da kwasa-kwasai huɗu a wuyansa, yana cike takardu da dare.

Tushen bambancin yana cikin kasafin kuɗi na gida. Tun 2002, a taron Barcelona, Turai ta ɗaura wa kanta burin kashe kashi 3 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara kan bincike. Har yau ba ta kai ba, tana wajen kashi 2.2. Turkiyya ta haura kashi 1. Sabiya tana dab da kashi 1. Bosniya da Makedoniya ta Arewa da Moldova kuwa ko rabin kashi 1 ba su kai ba, kuma wannan ɗan kaso daga ƙaramin arziki ake cire shi, mafi yawansa albashi ne. Tallafin Turai an tsara shi ne don ya hau kan abin da ke ƙasa. Yana biyan kuɗin aiki na shekara uku ko biyar, ba ya riƙe ɗakin gwaje-gwaje har abada, ba ya biyan wutar lantarki bayan aiki ya ƙare, ba ya ba mai bincike tabbacin aiki. Zanen aro ba ya rufe katara. Kotun binciken kuɗi ta Turai ma, a rahotonta na 2022 kan matakan taimaka wa ƙasashen da ke baya, abin da ta gano ke nan: matakan suna da kyau, amma ɗorewar canjin yana hannun gwamnatocin ƙasashen.

Sai dai laifin ba na gwamnatocin nan kaɗai ba ne, kuma a nan nake da magana da Brussels. Ƙasar da ta zama mamba tana tafiya da ƙafa biyu. Ɗaya ita ce gasar Horizon. Ɗayar kuma kuɗin raya yankuna marasa ƙarfi, wanda ba gasa ake yi a kansa ba, kuma da shi ake gina ɗakunan gwaje-gwaje a sayi na'urori. Da irin wannan kuɗi aka gina manyan cibiyoyin hasken laser a Cek da Hungari da Romaniya. Estoniya, wadda yau ake buga misali da ita, da shi ta sabunta jami'o'in Tartu da Tallinn bayan 2004. Mai neman shiga ba shi da wannan ƙafa. Abin da yake da shi asusun share fagen shiga ne, kimanin Yuro biliyan 14 na shekara bakwai, wanda yammacin Balkan da Turkiyya ke rabawa, kuma hanyoyi da kotuna da kwastan da tsabtace ruwa duk a cikinsa suke ci. Abin da ke isa ga kimiyya bai taka kara ya karya ba. An ce wa mutum ya shiga tsere da gwanaye, amma takalmin gudun sai bayan ya ci za a ba shi.

Gaskiya ne an ware kimanin kashi 3.3 cikin 100 na Horizon Europe don ƙasashen da ke baya, kuma masu neman shiga suna ciki. Akwai tsarin haɗa cibiya mai tasowa da manyan cibiyoyi biyu ko fiye su koya mata aiki. Akwai na ɗauko fitaccen masani a kafa masa kujera a jami'ar da ke buƙatarsa. Akwai wanda ke ba wa cibiya damar shiga aikin da aka riga aka fara. A 2021 har gasa ta musamman aka yi don yammacin Balkan. Duk suna da amfani. Amma kashi 3.3 ne, kuma ana raba shi da mambobi irin su Fotugal da Girka da Cek, waɗanda suka yi wa Albaniya nisa ƙwarai.

Sannan ga batun albashi, wanda masu bincike a gabashin Turai suka daɗe suna kuka a kansa. A yawancin ayyukan haɗin gwiwa, Turai tana biyan kuɗin ma'aikaci ne gwargwadon albashin da cibiyarsa ta saba biyansa. A takarda adalci ne. A aikace kuwa mutum biyu ne a ayari guda, aiki iri ɗaya, sa'o'i iri ɗaya, na Skopje ya karɓi ɗan guntun abin da na Copenhagen ke karɓa. Suna haɗuwa a taro duk bayan wata shida, suna hira, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke samu. Bayan shekara uku aikin ya ƙare, shugaban ayarin ya ce wa matashin nan mai hazaƙa akwai gurbi a wurinsu. Wa zai ga laifinsa idan ya amsa?

Ƙasashen nan kuwa ba su da mutanen da za su yi asara. Ƙidayar Sabiya ta 2022 ta nuna mutum miliyan 6.6, daga kusan miliyan 7.2 a 2011. Albaniya ta sauko zuwa miliyan 2.4 a 2023 daga miliyan 2.8. Shiga Tarayyar ma ba ta tsayar da kwararar ba: Kuroshiya ta faɗo ƙasa da miliyan 3.9 a 2021 daga kusan miliyan 4.3 shekara goma kafin nan, Bulgeriya kuma da ta kusa miliyan 9 a ƙarshen shekarun 1980 yanzu tana wajen miliyan 6.5. Ba duka hijira ba ce, raguwar haihuwa na ciki, kuma ba duk mai tafiya ne masani ba. Amma masu ilimi ne suka fi samun sauƙin tafiya, kuma tafiyar mutum ɗaya a ƙaramar ƙasa kan rufe fanni guda. Idan ƙwararru uku ne kacal a wani reshe na kimiyyar ƙwayoyin cuta, biyu suka tafi, na ukun ba shi da wanda zai tattauna da shi, ɗalibai kuma ba su da mai duba su.

Ba na cikin masu cewa a hana tafiya. Aziz Sancar, ɗan garin Savur a kudu maso gabashin Turkiyya, ya karanta likitanci a Istanbul, amma a Amurka ya yi aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2015, kuma ilimin gyaran ƙwayoyin halitta da ya gano na kowa ne. Masani da bai taɓa fita ya ga yadda ake aiki a wani wuri ba yakan tsaya cik. Abin tambaya shi ne ko akwai hanyar dawowa, da abin da zai tarar idan ya dawo. Tallafin Majalisar Bincike ta Turai na mutum ne, yana bin mai shi duk inda ya koma a cikin ƙasashen shirin. Wannan na nufin wadda ta ci shi a Belgrade tana iya ɗaukarsa ta tafi Vienna, haka kuma wanda ya ci shi a Vienna yana iya kawo shi Sarajevo. Abin da zai yanke hukunci shi ne ƙananan abubuwa: ko za a amince da digirinsa na waje ba tare da an ja shi shekara guda ba, ko sinadarin da ya yi oda zai kwana a kwastan har ya lalace, ko dokar sayen kayan gwamnati za ta bar shi ya sayi na'ura kafin aikin ya ƙare, ko muƙamin farfesa a buɗe yake ga wanda bai girma a sashen ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar izinin Brussels. Na Brussels shi ne biza: sai a ranar 1 ga Janairun 2024 'yan Kosovo suka fara shiga yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka cire shingen iyaka a tsakaninsu, ba tare da ita ba, masanin Turkiyya kuwa har yau sai ya bi layin ofishin jakadanci kafin ya halarci taron aikin da ƙasarsa ta biya kuɗin shigarsa.

Wani zai ce ƙasar da asibitocinta ke yoyo ba ta da hurumin kashe kuɗi kan nazarin ƙasusuwan mutanen da, ko biyan kuɗin shiga gasar da wataƙila ba za ta dawo da abin da ta zuba ba. Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Amsata ita ce a koma ga sauran babi 34. Babi na 12 ya shafi lafiyar abinci da dabbobi da tsirrai: kafin ƙasa ta sayar da madara ko nama a kasuwar Turai sai tana da ɗakunan gwaje-gwaje da aka amince da sakamakonsu. Babi na 27 na muhalli ne, yana buƙatar masu auna iska da ruwa da ƙasa shekara da shekaru. Babi na 18 na ƙididdiga ne. Babi na 15 na makamashi ne, a yankin da har yanzu ya dogara da gawayin ƙasa mafi ƙazanta. Su wa za su yi waɗannan ayyuka? Masana sinadarai da likitocin dabbobi da masu lissafi da injiniyoyi, waɗanda ba a samar da su sai a jami'ar da ake bincike a cikinta. Babin da aka rufe a yini guda shi ke ɗauke da waɗanda ake shafe shekara goma ana fama da su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Montenegro ta fahimci wani ɓangare na wannan lokacin da ta zama ƙasa ta farko a wajen Tarayyar da ta amince da tsarin zaɓen fannonin da za ta ƙware a kansu, a 2019, da taimakon cibiyar bincike ta Hukumar Turai. Ƙasa mai mutum kimanin 620,000 ba za ta iya komai ba, dole ta zaɓa.

Saura siyasa, wadda ke iya rushe duk wannan a dare ɗaya. Ta ɓangaren Turai, an sha mayar da kimiyya sandar duka. Suwizalan ta rasa matsayinta a Horizon Europe a 2021 saboda tattaunawar da ba ta shafi bincike ba ta watse. Birtaniya sai a Janairun 2024 ta dawo, bayan an riƙe batun saboda rikicin Ayalan ta Arewa. A Disamba na 2022 aka hana jami'o'in Hungari fiye da 20 sabon tallafi saboda yadda gwamnati ta miƙa su ga gidauniyoyin da 'yan siyasa ke ciki. Damuwar da aka nuna kan Hungari tana da tushe, amma ɗalibi da matashin mai bincike ne suka fara ɗanɗana hukuncin. Idan aka yi wa masu arziki da mambobi haka, mai neman shiga ya san kujerarsa ba a kafe take ba. Bayan firaministan Jojiya Irakli Kobakhidze ya sanar a Nuwamban 2024 cewa ƙasarsa ta jingine batun tattaunawar shiga har ƙarshen 2028, tambayar ko za a bar masananta a cikin shirin ta taso kai tsaye. Ra'ayina shi ne a bar ƙofar masana a buɗe ko da an rufe ta ministoci, domin su ne mutanen da suka fi buƙatar abokai a waje a irin wannan lokaci.

Ta ɓangaren gwamnatocin kuma, ba a neman tallafin bincike da hannun dama ana shaƙe masu binciken da na hagu. A Turkiyya an gurfanar da ɗaruruwan malaman da suka sa hannu a takardar neman zaman lafiya ta Janairun 2016, bayan yunƙurin juyin mulki na Yulin shekarar kuma aka kori dubban malaman jami'a da dokar ta-ɓaci, aka rufe jami'o'i 15. A Sabiya, bayan rumfar tashar jirgin ƙasa ta Novi Sad ta rufta a ranar 1 ga Nuwamban 2024 ta kashe mutum 16, ɗalibai suka rufe jami'o'i suna neman a hukunta masu laifi, malamai da yawa suka mara musu baya. A watan Maris na 2025 gwamnati ta fitar da doka ta rage sa'o'in bincike na malamin jami'a daga 20 zuwa 5 a mako, yadda za a iya zaftare albashin wanda ba ya shiga aji. Wannan a ƙasar da ta fi kowa a yammacin Balkan cin gajiyar shirin, a garin da BioSense take. Mai binciken da ya yi wa abokan aikinsa na ƙasashe shida alkawarin rabin lokacinsa, da wane baki zai yi musu bayani?

Yukren ta nuna ɗaya fuskar. A watan Maris na 2022 aka yi ta harba makamai kan Cibiyar Fiziks da Fasaha ta Kharkiv, ɗaya daga cikin tsoffin cibiyoyin nukiliya na yankin. Binciken UNESCO na 2024 ya ƙiyasta cewa gyara gine-gine da kayan kimiyyar ƙasar zai ci fiye da Dala biliyan 1.2. Turai ta yafe wa Yukren kuɗin shiga na shekarun farko na shirin, ta ware Yuro miliyan 25 don masanan da suka tsere, a ƙarshen 2023 kuma aka buɗe ofishin Horizon Europe a Kyiv don taimaka wa waɗanda suka zauna su rubuta takardu su samu abokan aiki. Matakin ƙarshen nan ya fi burge ni. Ba da mafaka ga wanda ya gudu wajibi ne, amma ƙasar da za a sake ginawa tana buƙatar waɗanda ke koyarwa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa su ci gaba da zama masana.

A watan Yulin 2025 Hukumar Turai ta gabatar da shawarar ware Yuro biliyan 175 ga shirin da zai gaji na yanzu daga 2028 zuwa 2034. Yanzu ne ake ja-in-ja kan yadda za a raba shi, kuma masu neman shiga ba su da ƙuri'a a ɗakin. Suna da baki dai, kuma ya kamata su yi magana da murya ɗaya kan abu biyu: a gyara ƙa'idar albashi yadda aiki iri ɗaya ba zai zama tikitin hijira ba, a kuma keɓe wani kaso na kuɗin share fagen shiga, da na shirin bunƙasa yammacin Balkan mai Yuro biliyan 6, don na'urori da ofisoshin tallafi a jami'o'i, bisa sharaɗin gwamnati ta sa nata kamar yadda aka yi a Novi Sad. Su kuma majalisun ƙasashen su daina karɓar jimillar Yuron da aka ciyo a matsayin rahoto. Su tambayi minista ayyuka nawa ne cibiyoyin gida ke jagoranta, mutum nawa cikin waɗanda suka fita da guraben Marie Curie suka dawo suka samu aiki na dindindin, da nawa aka ƙara a kasafin bincike tun ranar da aka rufe babi na 25. Montenegro tana fatan zama mamba a 2028, Albaniya na son kammala tattaunawa a 2027. Ɗalibin da ya fara digiri na uku a Podgorica ko Tirana a bana zai kammala ne daidai lokacin da iyakar za ta buɗe masa gaba ɗaya.